Trevor Noah: mai barkwanci ne da ya fitar da littafi, ko marubuci ne na gaske?

Ɗalibin Adabi ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Tambayata a kan Trevor Noah take, mai barkwancin nan ɗan Afirka ta Kudu wanda ya jagoranci shirin barkwanci kan labaran yau da kullum mai suna The Daily Show a Amurka daga 2015 zuwa 2022. Sanin da na yi masa bai wuce gajerun bidiyon da ke yawo a Facebook da YouTube ba, inda yake kwaikwayon muryar shugabanni jama'a suna ta ƙyaƙyata dariya, amma sai na lura ana yawan ambatonsa a sahun marubuta saboda littafinsa Born a Crime, wato wanda haihuwarsa ma laifi ce. Abu biyu nake neman a haskaka mini. Na farko, ta wace hanya yaron da ya tashi a Soweto, unguwar baƙar fata ta Johannesburg, ya kai ga kujerar da Amurkawa ke ɗauka tasu ce ta gado? Na biyu, wanda ya fi damuna, shin littafin nan ya cancanci ɗalibi ya kashe kuɗinsa da lokacinsa a kansa, ko kuwa shaharar mai shi ce kawai ta sayar da shi? Na yi wannan tambayar ne domin mun sha ganin mashahuran mutane suna fitar da littattafan da babu komai nasu a ciki sai sunan da ke bango.

Tsohon Ɗan Jarida ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Zan ɗauki ɓangaren farko, na bar wa masu alli na biyu.

Ba za a fahimci wannan mutum ba sai an fahimci dokar da aka haife shi a ƙarƙashinta. An haife shi a Johannesburg ranar 20 ga Fabrairun 1984. Mahaifiyarsa Patricia baƙar fata ce 'yar ƙabilar Xhosa, mahaifinsa kuma farar fata ne ɗan Suwizalan mai jin Jamusanci. A wancan lokacin doka ta haramta duk wata mu'amalar namiji da mace tsakanin farare da waɗanda ba farare ba. Dokar ta samo asali tun 1927, aka faɗaɗa ta a 1950, kuma ba a soke ta ba sai 1985, shekara guda bayan haihuwarsa. Saboda haka fatar jikin yaron da kanta shaida ce a kan iyayensa, wanda kuwa daga nan sunan littafin ya fito. Ba a rubuta sunan uban a takardar haihuwarsa ba, ba ya iya tafiya a titi riƙe da hannun mahaifinsa, kuma idan aka kai shi gidan kakarsa a Soweto, a cikin gida ake tsare shi yayin da sauran yara ke wasa a waje, don gudun kada 'yan sanda su gan shi su ɗauke shi. Gwamnatin wariyar launin fata ta kasa mutane gida-gida, farare da baƙaƙe da Indiyawa da 'yan ruwa biyu, kuma a ido shi ɗan rukuni na ƙarshe ne, alhali a tarbiyya da harshe ɗan gidan Xhosa ne. Duk inda ya shiga sai ya zama baƙo.

Abin da ya fitar da shi daga wannan ƙangi harshe ne. Ya tashi yana jin Turanci da Xhosa da Zulu da Sotho da Tswana da Tsonga da Afrikaans, kuma tun yana yaro ya gane cewa idan ka amsa wa mutum da harshensa, da irin karin maganar unguwarsu, sai ya manta da launin fatarka. Duk wanda ya kalle shi a dandamali yana sauya murya daga Bazulu zuwa Bajamushe zuwa Ba'indiye, to abin da yake gani dabarar tsira ce ta yaro wadda daga baya ta zama sana'a.

Hawansa bai zo dare ɗaya ba, ko da yake a Amurka haka aka ɗauka. Bayan ya gama sakandare ya yi sana'ar kwafar faifan waƙoƙi yana sayarwa, ya yi kiɗan biki a unguwar Alexandra. A 2002, yana da shekara 18, ya samu ɗan ƙaramin matsayi a wasan talabijin mai suna Isidingo, sannan ya yi shirin rediyo a tashar matasa ta YFM, ya gabatar da shirye-shirye daban-daban a gidan talabijin na ƙasa, SABC. A 2009 ya yi kasadar da ta fito da shi: ya kama babban zaure shi kaɗai ya yi wasan da ya kira The Daywalker, a lokacin da wasu manyan masu sana'ar ke ganin ya yi gaggawa. Shekara mai zuwa ya samu shirinsa na hira a tashar M-Net. Ke nan kafin ya koma Amurka a 2011 ya riga ya zama tauraro a gida, ya bar wannan matsayin ya je ya fara daga ƙasa a ƙananan wuraren wasa. A Janairun 2012 ya zama mai barkwanci na farko daga Afirka ta Kudu da ya yi wasa a shirin Jay Leno, a 2013 kuma ya bayyana a na David Letterman, tsakanin haka ya yi wasa a bikin Edinburgh na ƙasar Sikotilan.

Jon Stewart, wanda ya riƙe The Daily Show tun 1999, shi ya gan shi ya jawo shi. Noah ya fara fitowa a shirin a Disambar 2014, kuma sau uku kacal ya fito kafin tashar Comedy Central ta sanar a ƙarshen Maris na 2015 cewa shi zai gaji kujerar. Ya fara aiki ranar 28 ga Satumbar wannan shekara, yana da shekara 31. Masu tashar sun yi lissafin cewa matasa ba sa zama gaban talabijin da ƙarfe sha ɗaya na dare, a waya suke kallo, kuma masu wayar ba a Amurka kaɗai suke ba. Kai da kake tambaya daga nan, ka san shi ta bidiyon da aka yanko, kana cikin waɗanda aka yi lissafin dominsu.

Malama Mai Alli ta amsa:

Na gode, Baba, da ka bar mana ɓangaren da ya fi daɗi. Ɗalibi, ka saya ka karanta, kuma ga dalilina.

Abu na farko da zai ba ka mamaki shi ne littafin, wanda ya fito a Nuwambar 2016, bai ba da labarin shahara ba ko kaɗan. Mutum yana tsakiyar tashensa a Amurka, kowa yana jiran ya ji yadda ya haɗu da wane da wane, sai ya rufe littafin ba tare da ya taka dandamalin New York ba. Wanda ke son sayar da sunansa kawai ba ya yin haka. Babi goma sha takwas ne, kuma kafin kowanne akwai ɗan gajeren bayani, wani shafi ɗaya wani bai kai ba, a kan yadda mulkin wariya ke aiki: yadda aka raba ƙabilu aka haɗa su faɗa, yadda aka tsara wa baƙar fata ilimin da ba zai wuce na bauta ba, yadda jami'i ke duban gashin mutum da hancinsa ya yanke masa rukuni. Daga nan sai labarin ya zo ya nuna maka wannan doka a cikin ɗaki, a cikin motar haya, a filin wasan makaranta. Wannan tsari shi ne ƙashin bayan littafin, kuma tsari ne na mai tunani, ba na mai jera barkwanci ba.

Abu na biyu shi ne jarumar littafin ba shi ba ne, mahaifiyarsa ce. Da ita aka buɗe, da ita aka rufe. A babin farko muna ganinta tana jan yaro ɗan shekara tara zuwa coci uku a ranar Lahadi ɗaya, motarta ta ƙi tashi, suka shiga bas ɗin haya, direban ya fara zaginta da barazana saboda ƙabilarta, sai ta buɗe ƙofa ta tura ɗanta waje motar tana tafiya, ita ma ta biyo shi rungume da jaririnta. Mai karatu yana dariya saboda gardamar da uwa da ɗa suke yi a kan ko Allah ne ya hana motar tashi don su zauna a gida, amma a ƙarƙashin dariyar akwai rikicin da ya ci rayuka masu yawa a unguwannin baƙar fata a farkon shekarun 1990. Mace ce da ta koyi aikin sakatariya lokacin da ba a ɗaukar irinta, ta zauna a unguwar da doka ta hana ta, ta zaɓi ta haifi ɗan da ta san za a iya ɗaure ta a kansa, ta kuma cika gidan da littattafai a lokacin da abinci ma da ƙyar ake samu. Ba a ɓoye kaifinta ba, har bulalar da take yi masa tana ciki.

A babin ƙarshe dariyar ta kusan ɗaukewa. Mijin da ta aura daga baya, makanike mashayi, ya daɗe yana dukanta, ta sha zuwa ofishin 'yan sanda suna maida ta gida da sunan matsalar iyali ce. Bayan ta rabu da shi, a 2009 ya tare ta tana dawowa daga coci ya harbe ta, harsashi ya shiga ta ƙeya ya fita ta fuska, Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba. Mutumin ya amsa laifin yunƙurin kisa, amma ɗaurin talala aka yi masa, bai zauna a gidan yari ba. Noah ya rubuta wannan ba tare da ihu ba, kuma bai mai da mutumin dodo ba. Ya nuna cewa mutum ne mai fara'a da kowa ke yabo a waje, wanda shi ya sa ba a yarda da matar ba. Na daɗe ina karantar da labaran rayuwa, kuma ba kasafai nake ganin namiji ya rubuta abin da ke faruwa a bayan ƙofa da irin wannan gaskiya ba.

Aibinsa a wurina biyu ne. Lokutan suna tsalle, har wani lokacin sai ka koma baya ka duba shekarunsa nawa, sannan wasu labaran, musamman na samartaka, an goge su sun yi santsi irin na abin da aka sha faɗa a dandamali. Harshen mai sauƙi ne, babu ado a cikinsa. Wanda ke neman zurfin jimla ya nemi wani littafin.

Mai Ja da Baya ya amsa:

Malama, da girmamawa, ina ganin an yi wa ɗalibin nan kwalliya da yawa, ya kamata ya ji ɗaya gefen.

Tambayarsa ita ce ko sunan da ke bango shi ne mai aikin. A shafin godiya na littafin, Noah da kansa ya gode wa wani marubuci Ba'amurke, Tanner Colby, saboda taimaka masa wajen sanya rayuwarsa a takarda. Ban ce wannan laifi ba ne, al'ada ce a can, kuma ya kyauta da ya faɗa, amma tsarin nan da kike yabo, na gajeren bayani kafin kowane babi, mai yiwuwa aikin hannu fiye da ɗaya ne. Haka shirin talabijin ɗin yake: akwai ɗaki guda na marubuta da ke tsara abin da mai gabatarwa zai faɗa kowane dare. Idan muna raba yabo, mu raba shi da adalci.

Sannan a duba shekarun. An saki Nelson Mandela a Fabrairun 1990, lokacin Noah yana dab da cika shekara shida, an yi zaɓen farko na kowa da kowa a Afrilun 1994 yana da shekara goma. Mafi yawan abin da ke cikin littafin ya faru ne bayan an fara rushe wariya, amma sunan littafin da tallarsa sun jingina ne ga wariyar, domin ita ce Ba'amurke ya sani game da Afirka ta Kudu. A ganina an dafa littafin ne daidai bakin mai saye.

Game da barkwancin nasa kuwa, kwaikwayon harshen mutane takobi ne mai kaifi biyu. A ranakun da aka sanar da naɗinsa a 2015 aka tono tsofaffin saƙonninsa na Twitter masu zolayar Yahudawa da mata masu ƙiba. A 2018 wani tsohon wasansa da ya taɓa matan asalin Ostareliya ya sake fitowa ya jawo fushi, a 2019 kuma ya yi raha da zaman ɗar-ɗar na yaƙi tsakanin Indiya da Pakistan, har ya nemi afuwa. Masu kallon shirin a talabijin sun ragu bayan tafiyar Stewart, kuma da yawa sun ce ya rasa zafin da magabacinsa ke da shi, yana magana a kan masifar Amurka kamar ɗan kallo mai tikitin komawa gida a aljihu.

Ɗalibin Adabi ya sake rubutawa:

Na gode muku duka. Malam Mai Ja da Baya, maganar shekarun ta shige ni, ban taɓa lissafa ta haka ba. Baba, ina son jin ra'ayinka a kan zargin cewa ɗan kallo ne, kuma me ya sa ya ajiye aikin da mutane da yawa za su so su mutu a kansa?

Tsohon Ɗan Jarida ya sake amsawa:

Abin da ɗan'uwanmu ya kawo na saƙonnin Twitter da ragin masu kallo gaskiya ne, ba zan yi musu a kai ba. Amma abin da ya kira rauni, wato kallon Amurka daga waje, ni a nan nake ganin amfanin mutumin gaba ɗaya. A Oktobar 2015, bai fi kwanaki da fara aiki ba, lokacin da manyan masu sharhi ke cewa Donald Trump bai yi kama da shugaban ƙasa ba, sai Noah ya jera kalamansa kusa da na Idi Amin da Robert Mugabe da Yahya Jammeh da Mu'ammar Gaddafi, ya ce ai ya yi kama da shugaba, sai dai na wata nahiyar. Amurkawa sun ɗauke shi wasa, mu da muka yi aikin jarida a zamanin soja mun san ba wasa ba ne kawai. Ba'amurke haifaffen can ba zai iya ganin wannan kamannin ba, domin bai taɓa zaton abin zai iya faruwa a gidansu ba.

Haka a 2018 da Faransa ta ci kofin duniya ya ce Afirka ce ta ci saboda yawan 'yan wasanta masu asalin Afirka, jakadan Faransa a Amurka, Gérard Araud, ya rubuto masa wasiƙar ƙorafi cewa 'yan wasan Faransawa ne ba wani abu ba. Noah ya karanta wasiƙar a gaban jama'a ya tambaya me zai hana mutum ya zama duka biyun. Wannan ita ce tambayar rayuwarsa tun daga Soweto, kuma ita ce ke cikin littafin, shi ya sa ban yarda cewa wani ne ya ara masa tunanin ba, ko da an taya shi jera jimloli. Batun shekarun ma ina da ja. An soke dokokin, amma unguwannin da aka gina domin su, da makarantun, da 'yan sandan da suka maida mahaifiyarsa gida, duk suna nan bayan 1994, kuma abin da littafin ya fi nunawa ke nan.

Ayyukansa mafi ƙarfi a shirin ma su ne waɗanda babu marubuta a bayansu. Hirar da yake yi da 'yan kallo lokacin hutun talla, wadda ake sakawa a intanet, ita ta fara kawo masa kyautar Emmy, babbar kyautar shirye-shiryen talabijin ta Amurka, a 2017. A Mayun 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Amurka, lokacin da korona ta sa yana gabatar da shirin daga ɗakinsa, ya ɗauki waya ya yi doguwar magana ba dariya ko ɗaya a ciki, a kan alkawarin da ke tsakanin al'umma da hukuma da abin da ke biyo baya idan hukumar ce ta fara saɓa shi. Miliyoyin mutane sun kalla.

Dalilin tafiyarsa kuwa, shi da bakinsa ya faɗa a ƙarshen Satumbar 2022 cewa bayan shekara bakwai da zaman kullen korona ya yi kewar yawon duniya da dandamali da koyon harsuna. Shirin da ake yi dare huɗu a mako yana cinye mutum, kuma shi ba da labaran Washington ya tashi ba. Ya yi sallama ranar 8 ga Disambar 2022, inda ya keɓe godiya ta musamman ga mata baƙar fata, yana farawa da waɗanda suka raine shi. Bayan nan bai ɓace ba: ya ci gaba da gabatar da bikin kyautar mawaƙa na Grammy da ya fara a 2021, ya fitar da wasa a Netflix a 2023, ya buɗe shirin hira ta murya a Spotify, kuma a 2023 ɗin wata gidauniya ta ƙasar Holan ta ba shi kyautar Erasmus, wadda Charlie Chaplin ya taɓa samu a 1965. A Janairun 2024 shirin da ya bari ya ci Emmy saboda shekararsa ta ƙarshe.

Malama Mai Alli ta ƙara da cewa:

Malam Mai Ja da Baya, na karɓi gyaranka game da taimakon da aka yi masa, kuma shi ya sa ba zan sa shi a sahun waɗanda rubutu ne rayuwarsu ba. Littafi ɗaya mai nauyi gare shi. An sake fitar da shi a 2019 da harshen da ya dace da yara, sannan a Oktobar 2024 ya fitar da Into the Uncut Grass, ƙaramin littafi mai zane wanda Sabina Hahn ta zana, labarin yaron da ya gudu daga gida da 'yar tsanarsa saboda dokokin mahaifiyarsa sun ishe shi. Yana da daɗi, amma bai kama ƙafar na farko ba, kuma za ka lura har yanzu uwa da ɗa ne ke gardama.

Ɗalibi, idan kana da hali ka nemi wanda aka naɗa da murya, domin shi da kansa ya karanta, kuma a nan ne za ka iya auna maganar wane ne mai labarin, tunda zai yi maka kakarsa da Xhosa, direban bas da Zulu, mai kanti da Afrikaans, kowa da muryarsa. Ka karanta babin farko da na ƙarshe a jere kafin ka bi sauran, sannan ka dawo nan ka faɗa mana ko kana tare da ni ko kana tare da Malam.